Sigarin laturoni: Sabuwar tabar da dokar Najeriya ba ta ambaci sunanta ba

Duk kwalin taba sigari da ake sayarwa bisa ƙa'ida a Najeriya yana ɗauke da hoton gargaɗi da ya mamaye aƙalla rabin fuskarsa. Doka ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana a sayar da ita kara-kara, ta hana tallata ta, ta kuma hana zuƙarta a ofisoshi da asibitoci da makarantu. Sai dai a manyan kantuna da wuraren shaƙatawa na Wuse II da Jabi da Gwarimpa, da kuma shafukan 'yan kasuwa a Instagram, ana sayar da wata 'yar na'ura mai launuka masu ɗaukar ido, wadda ba ta wuce girman alƙalami ko kwalbar turare ba. Tana fitar da ƙamshin mangwaro ko kankana ko alewa, ba ta buƙatar ashana, ba ta barin toka, kuma sau da yawa nikotin ɗin da ke cikinta ya zarce na kwalin sigari guda.

Wannan ita ce sigarin laturoni. A Ingila likitoci suna ba mashaya taba shawarar su koma gare ta domin su rabu da sigari. A Indiya kuwa sayar da ita laifi ne da ke kai mutum gidan yari. A Najeriya ba a haramta ta ba, ba a kuma shimfiɗa mata ƙa'idoji na musamman ba. Tambayar da ke gaban hukumomin lafiya da 'yan majalisa a Abuja ita ce: a ƙasar da mashaya taba ba su da yawa, yara da matasa kuma su ne mafi rinjaye, wa wannan na'ura za ta amfana, wa kuma za ta cutar?

Abin da ke cikin na'urar

Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ne ya ƙirƙiro sigarin laturoni ta zamani a shekarar 2003. Shi kansa mashayin taba ne, mahaifinsa kuma ciwon dajin huhu ne ya yi ajalinsa, don haka manufarsa ta farko ita ce samar wa mashaya hanyar samun nikotin ba tare da ƙona ganyen taba ba. An fara sayar da ita a Sin a 2004, kuma har yau mafi yawan waɗanda ake sha a duniya daga masana'antun birnin Shenzhen suke fitowa.

Tsarinta ya yi kama da na fitilar aci-balbal da aka ɗora wa lantarki. Akwai ƙaramin batir, akwai 'yar wayar ƙarfe da aka nannaɗe, akwai lagwani da ke tsotso ruwa daga ma'ajinsa. Idan mutum ya zuƙa, batirin zai zafafa wayar, ruwan ya rikiɗe ya zama tururi mai kauri ya wuce huhu. Ruwan kuwa haɗi ne na gilisirin da wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, sai nikotin, sai kayan ƙamshi. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce akwai nau'o'in ƙamshi aƙalla 16,000 a kasuwa.

Masu sayarwa kan ce tururin ruwa ne kawai, amma gwaje-gwaje sun nuna akasin haka. Idan wayar ta yi zafi sosai, gilisirin da abokin haɗinsa sukan farfashe su haifar da sinadarai masu guba, ciki har da fomaldihaid, wanda da shi ake haɗa ruwan adana gawa, kuma yana cikin jerin masu haddasa ciwon daji. An kuma samu ɓurɓushin ƙarafa irin su nikel da kuromiyom da dalma da ke fitowa daga wayar. Kayan ƙamshin ma akasarinsu an amince da su ne domin a ci a abinci, ba a tantance su domin a zafafa a shaƙa cikin huhu ba, ciki da huhu kuwa ba aikinsu ɗaya ba.

Duk da haka, masana sun yi ittifaƙi a kan abu guda: gubar da ke cikin wannan tururi ba ta kai ta hayaƙin sigari ba, wanda ke ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu masu jawo ciwon daji. Inda aka rabu shi ne a kan nisan tazarar da ke tsakaninsu, da kuma abin da zai biyo baya idan mutum ya shekara ashirin ko talatin yana zuƙa. Ciwon dajin huhu da sigari ke haddasawa yakan ɗauki gomman shekaru kafin ya bayyana, ita kuwa wannan na'ura ba ta daɗe da cika shekara ashirin a duniya ba.

Nikotin da ba ya ƙona maƙogwaro

Babban sauyi ya zo ne a watan Yunin 2015, lokacin da aka fito da samfurin Juul a Amurka. Kafin nan, idan nikotin ya yi yawa a ruwan yakan yi kaushi a maƙogwaro ya sa tari, abin da ke korar sabon shiga. Masu Juul sai suka gauraya nikotin da wani asid, ya zama abin da ake kira gishirin nikotin, wanda ke wucewa a hankali ba tare da raɗaɗi ba komai yawansa. Kamfanin da kansa ya ce 'yar kwalbarsa guda, wadda ba ta kai mililita ɗaya ba, daidai take da kwalin sigari mai kara 20.

Wannan fasaha ce na'urorin yau suka gada, musamman waɗanda ake yarwa da zarar sun ƙare. Yawancinsu an rubuta kashi 5 cikin 100 a jikinsu, wato miligiram 50 na nikotin a kowace mililita. A Tarayyar Turai da Birtaniya doka ba ta yarda a wuce miligiram 20 ba. Ke nan na'urar da ba za ta sayu bisa ƙa'ida a Landan ko Paris ba tana iya shigowa Legas ko Abuja ba tare da an tambayi ƙarfinta ba. Ƙari a kan haka, karan sigari yakan ƙare cikin 'yan mintoci mai sha ya san ya sha ɗaya, amma na'urar da aka rubuta mata zuƙa dubu biyar ko dubu goma ba ta da wannan iyaka. Tana nan a aljihu, a mota, a ƙarƙashin matashin kai.

Nikotin na daga cikin sinadaran da suka fi saurin kama mutum. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma hukumomin lafiya sun yi gargaɗin cewa shan nikotin kafin wannan lokaci yana iya taɓa sassan da ke kula da natsuwa da koyo da kame kai. Yana ƙara bugun zuciya da hawan jini, yana kuma cutar da ɗan tayi idan mai ciki ta sha. Ruwan kansa guba ne idan aka haɗiye shi, kuma tun da ƙamshinsa na alewa ne, ƙananan yara ne suka fi faɗawa wannan hatsari a gidajen da ake ajiye shi a sarari.

Abin da ya faru a Amurka

Amurka ce ta fara ganin abin da ke faruwa idan aka bar kasuwar ta yi gaba doka ta biyo baya. Cikin shekara uku da fitowar Juul, na'urar ta cika makarantun sakandare, saboda ta yi kama da 'yar ma'ajiyar bayanan kwamfuta, malamai da iyaye ba sa gane ta. A watan Disambar 2018 babban likitan gwamnatin ƙasar, Jerome Adams, ya ayyana lamarin a matsayin annoba a tsakanin matasa. A 2019 binciken gwamnati ya nuna cewa kashi 27.5 cikin 100 na ɗaliban manyan makarantun sakandare suna sha, wato fiye da ɗaya cikin kowane huɗu.

A wannan shekarar ce kuma asibitoci suka fara karɓar matasa masu fama da sarƙewar numfashi da ciwon ƙirji, huhunsu ya lalace ba tare da wata ƙwayar cuta ba. Zuwa watan Fabrairun 2020 Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar, 68 kuma sun mutu. Bincike ya gano cewa babban musabbabin shi ne wani mai mai kauri, bitamin E asetet, wanda masu haɗa ruwan tabar wiwi a bayan fage suke ƙarawa domin su ci riba. Ruwan nikotin na kamfanonin da aka sani ba shi ne ya haddasa yawancin mace-macen ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Sai dai abin lura ga Najeriya shi ne, na'urar ba ta zaɓar abin da aka zuba mata, kuma inda babu mai duba abin da ke cikin kwalba, mai saye ba shi da hanyar sanin abin da yake shaƙa. Binciken ƙasa kan miyagun ƙwayoyi na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 10.6 ne ke shan wiwi. Na'urar da za ta iya ɗaukar man wiwi ba tare da warin da ke tona asiri ba lamari ne da ya shafi hukumar NDLEA kai tsaye.

Daga baya Amurka ta ɗaga shekarun sayen kayan taba zuwa 21, ta taƙaita kayan ƙamshi a wasu nau'o'in, kamfanin Juul kuma ya amince a 2022 ya biya dala miliyan 438.5 ga jihohi sama da 30 kan zargin tallata hajarsa ga yara. Zuwa 2024 adadin ɗaliban manyan sakandare masu sha ya sauko zuwa kashi 7.8 cikin 100. Doka ta yi aiki, amma bayan miliyoyin yara sun riga sun ɗanɗana.

Hujjar Ingila

Masu goyon bayan sigarin laturoni suna da hujja mai nauyi, kuma daga Ingila ta fito. A 2015 hukumar lafiyar al'umma ta ƙasar ta ce illarta ta gaza ta sigari da kusan kashi 95 cikin 100. Mujallar likitoci ta The Lancet ta soki yadda aka samo wannan adadi, amma manufar gwamnati ba ta sauya ba. A 2019 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi da mashaya 886 masu son dainawa: bayan shekara guda, kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka ba sigarin laturoni sun rabu da taba, idan aka kwatanta da kashi 9.9 na waɗanda aka ba cingam da filastar nikotin. A 2023 gwamnatin ta sanar da shirin raba na'urar kyauta ga mashaya miliyan ɗaya.

Akwai abubuwa uku da masu ambaton wannan hujja ba su cika faɗa ba. Na farko, waɗanda aka yi gwajin da su manya ne da suka daɗe suna shan taba, kuma an haɗa musu da shawarwarin ƙwararru na tsawon makonni. Na biyu, kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka daina taba ta wannan hanya suna nan suna zuƙar na'urar bayan shekara, wato sun rabu da hayaƙi ba su rabu da nikotin ba. Wanda kuma ya haɗa biyun, na'ura a ofis sigari a gida, bai tsira daga illar taba ba. Na uku, Ingila tana yin wannan ne a ƙarƙashin dokoki masu tsauri kan ƙarfin nikotin da girman kwalba da talla da shekarun mai saye. Babban jami'in lafiyarta, Farfesa Chris Whitty, ya sha nanata cewa na'urar ta fi sauƙin illa ga mai shan taba, amma wanda ba ya sha kada ya fara, tallata ta ga yara kuwa abu ne da ba za a lamunta ba. Ita kanta Birtaniya ta haramta nau'in da ake yarwa daga ranar 1 ga Yunin 2025, saboda yawaitarsa a hannun yara da kuma tulin sharar batir da yake bari.

Lissafin Najeriya daban yake

A farkon shekarun 2010, lokacin da Ingila ta fara karkata ga wannan hanya, kusan ɗaya cikin kowane baligi biyar a ƙasar mashayin taba ne. A Najeriya kuwa, binciken da aka gudanar a 2012 tare da haɗin gwiwar WHO ya nuna cewa kashi 5.6 cikin 100 na manya ne ke amfani da taba kowace iri, masu zuƙar hayaƙinta kuma kashi 3.9. A tsakanin mata adadin bai wuce kashi 1.1 ba. A ɗaya ɓangaren, kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 19 ba.

Idan aka jera waɗannan alƙaluma, za a ga cewa mutanen da na'urar za ta iya ceto daga sigari kaɗan ne, waɗanda za ta iya koya wa nikotin tun daga farko kuwa miliyoyi ne. Tsarin kasuwar ma ya nuna inda ta dosa. Direban babbar mota ko leburan da ke sayen kara ɗaya ko biyu a wurin mai tebur ba shi ne ke sayen na'urar dubban naira mai ƙamshin inibi ba. Masu sayenta 'ya'yan masu hali ne, ɗaliban jami'o'i da manyan sakandare, da matasan ma'aikata a birane.

Akwai kuma wani shinge da na'urar ke rushewa. Abin da ya daɗe yana hana matasa da yawa shan taba, musamman 'yan mata, shi ne kunya da tsoron tonon asiri, domin warin taba ba ya ɓuya a baki ko a tufafi. Tururin da ke ƙamshin 'ya'yan itace ya ɓace cikin daƙiƙoƙi ya kawar da wannan tsoro. Yarinyar da ba za ta taɓa riƙe karan sigari ba tana iya ajiye na'urar a jakarta tare da kayan kwalliya, uwarta ta gani ta ɗauka turare ne.

Wannan ba damuwar Najeriya kaɗai ba ce. A rahotonta na Oktobar 2025, WHO ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 100 ne ke shan sigarin laturoni a duniya, aƙalla miliyan 15 daga cikinsu yara ne 'yan shekara 13 zuwa 15. Tun a Disambar 2023 hukumar ta bayyana cewa ƙasashe 34 sun haramta sayar da ita, 88 ba su da ƙa'idar shekarun mai saye, 74 kuma ba su da wata doka a kanta ko kaɗan.

Giɓin da ke cikin doka

Najeriya ta amince da yarjejeniyar WHO ta yaƙi da taba a 2005. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa a watan Mayun 2015, kwanaki kaɗan kafin Juul ta shiga kasuwa a Amurka, sai kuma aka jira har 2019 kafin Majalisar Tarayya ta amince da ƙa'idojin aiwatar da ita. An tsara dokar ne da ganyen taba a zuci. Ruwan nikotin ba ganye ba ne, wasu kamfanonin ma a ɗakin gwaji suke haɗa nikotin ɗinsu ba tare da sun taɓa taba ba, dabarar da ta sa Amurka ta yi wa tata dokar kwaskwarima a 2022. Ƙungiyoyi irin su CAPPA da Gamayyar Yaƙi da Taba ta Najeriya sun daɗe suna kira da a toshe wannan giɓi.

Inda aka ɗan taɓa lamarin shi ne fannin fina-finai. A watan Mayun 2024 Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, ƙarƙashin Dakta Shaibu Husseini, ta sanar da ƙa'idojin da suka hana ƙawata taba da kayan nikotin a fina-finai da bidiyon waƙoƙi. Wannan ya shafi abin da ake nunawa a allo, bai shafi abin da ake sayarwa a kanti ba.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. Yuganda ta haramta ta tun a dokarta ta 2015, Habasha da Indiya suka bi sahu a 2019. Ostireliya ta mayar da sayar da ita hannun kantunan magani kaɗai daga Yulin 2024. Afirka ta Kudu ta ɗora wa ruwan haraji daga Yunin 2023. Ita kuwa Sin, wadda ke ƙera ta, ta hana sayar da duk wani ƙamshi in ban da na taba a cikin gida tun Oktobar 2022, alhali masana'antunta na ci gaba da fitar da mai mangwaro da mai kankana zuwa ƙasashen waje.

Haramci na baki ɗaya yana da daɗin faɗa, amma tarihin Najeriya ya nuna iyakarsa. A Yunin 2018 Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya umarci jami'an tsaro su daƙile shisha mai ƙamshi, ga ta nan har yau a wuraren shaƙatawa. Hana sayar da sigari kara-kara ya shekara goma a doka, mai tebur bai fasa ba. A gefe guda, tarar dala miliyan 110 da hukumar kare masu saye ta FCCPC ta sanar a Disambar 2023 a kan kamfanin British American Tobacco ta nuna cewa idan doka ta fito fili, aka kuma samu hukumar da ta ɗauki aikin a matsayin nata, ana iya hukunta ko da babban kamfani ne.

Abin da ke kan teburin Abuja

Matakan da ƙasashen da suka zaɓi ƙa'ida maimakon haramci suka ɗauka sanannu ne: a ambaci duk kayan nikotin a doka ko daga ina aka samo shi, a hana sayar wa yara, a ƙayyade ƙarfin nikotin, a taƙaita kayan ƙamshi, a wajabta gargaɗi a kwali, a hana talla da ciniki ta intanet, a kuma ɗora haraji. Kowane ɗaya yana buƙatar hukumar da za a tambaya idan bai yi aiki ba. Ma'aikatar Lafiya ce ke riƙe da manufar, amma shigowar kaya na hannun Kwastam, ma'aunin inganci na hannun SON, sharar batir kuma ta shafi NESREA. Matuƙar ba a fayyace rabon aikin a rubuce ba, kowa zai ɗauka na wani ne.

Akwai kuma abin da ya shafi ma'aikata da hadiman manya kai tsaye. Manyan kamfanonin taba sun daɗe da shiga wannan kasuwa: British American Tobacco ke da samfurin Vuse, kamfanin Altria kuma ya sayi kashi 35 cikin 100 na Juul kan dala biliyan 12.8 a 2018. Sashe na 5.3 na yarjejeniyar da Najeriya ta amince da ita ya wajabta kare manufofin lafiya daga tasirin masana'antar taba, dokar 2015 ma ta gindaya sharuɗɗa kan mu'amalar jami'an gwamnati da kamfanonin. Idan takardar shawara kan rage illar taba ta iso tebur, ko gayyata zuwa taron bita a otal, haƙƙin wanda zai rubuta wa minista ko sanata taƙaitaccen bayani ne ya binciki wanda ya ɗauki nauyin aikin, ya kuma duba ko alƙaluman da aka kawo na Najeriya ne ko na wata ƙasa mai yawan mashaya.

Ga magidancin da ya shekara ashirin yana shan taba ya kasa dainawa, komawa ga na'urar gaba ɗaya na iya rage masa illa, kuma ya dace ya tattauna da likita a kan haka da sauran hanyoyin dainawa. Doka mai kyau za ta iya barin masa wannan ƙofa a buɗe. Amma a halin da ake ciki, shi da ɗalibar aji biyar na sakandare kanti ɗaya suke shiga, kwalba ɗaya ake miƙa musu, kuma babu wani sashe na doka da ya ambaci na'urar da suna ya ce mai kantin ya tambayi shekarunta.